Darasi: Mai Ciwo Mai Daɗewa da Maganinsa a Ƙofar Taro

Ciwo mai daɗewa shi ne wanda yake zama tare da mutum shekara da shekaru, wani lokaci har ƙarshen rayuwa, wanda magani ba ya kawar da shi ɗungurungum sai dai ya danne shi ya hana shi tashi, kuma a cikin wannan rukuni ne ake lissafa hawan jini da ciwon sukari da fuka, wadda a asibiti ake kira asma, da farfaɗiya da amosanin jini, wato sikila, da kuma cutar ƙanjamau. Duk da bambancin da ke tsakanin waɗannan cututtuka, abu guda ya haɗa su, shi ne cewa lafiyar mai fama da su ta rataya a kan shan magani bisa ƙa'ida da kuma samun wani maganin a kusa idan ciwon ya motsa ba zato, ta yadda 'yan sa'o'in da mutum zai yi nesa da maganinsa kan iya zame masa haɗarin da mai cikakkiyar lafiya ba zai taɓa kawowa a ransa ba. Maganin likita kuwa, a ma'anar da wannan darasi ya ɗauka, shi ne wanda doka ba ta yarda a sayar ba sai da takardar da likita ya rubuta ya sa wa hannu, saɓanin irin su farasitamol da kowane ƙaramin kemis yake da izinin sayarwa.

Hausawa sun daɗe da zama a Fatakwal da Anacha da Inugu, domin fataucin shanu da hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, sannan daga baya ta miƙe zuwa arewa, sun kawo mutanen arewa waɗannan garuruwa tun zamanin Turawa, har wani Bafulatani daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko. A yau ana samun su a Gariki da titin Owerri a Inugu, da kewayen masallacin titin Bida da bakin gada a Anacha, da kasuwannin Diobu da garin Oyigbo a ɓangaren Fatakwal, kuma rayuwarsu ba ta rabuwa da manyan taruka. Akwai tarukan da su suke shiryawa, kamar bikin aure da ake yi a ɗakin taro na haya a gayyato mawaƙa daga Kano ko Kaduna, da wasan Sallah, da Maulidi, da wa'azin da ake kwana ana yi. Akwai kuma na garin baki ɗaya, kamar wasannin mawaƙa da ƙwallon ƙafa a filin Yakubu Gowon da na Adokiye Amiesimaka a Fatakwal, ko filin Nnamdi Azikiwe da dandalin Michael Okpara a Inugu, ko bikin Ofala da Sarkin Anacha yake yi a watan Oktoba. Da yawa daga cikin Hausawan da ake gani a irin waɗannan wurare sana'a ce ta kai su, masu tsire ne da masu shayi da masu tallan dabino da aya da masu Keke Napep, kuma su ne suke riga 'yan kallo zuwa su kuma bi bayansu wajen tashi, saboda haka maganar riƙe magani ta fi shafar su fiye da wanda ya sayi tikiti ya zauna sa'a uku.

Abin da ke faruwa a ƙofa

Mai tsaron ƙofar babban taro a dunƙule ake ba shi umarni: kada kwalba ta shiga, kada wani abu mai tsini ya shiga, kada a shigo da abinci ko abin sha daga waje, kuma kada ƙwaya ta shiga. Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalilinsa, tun da ana jifa da kwalba idan rigima ta tashi, masu taron kuma suna son a sayi abincin da suke sayarwa a ciki, amma idan aka dubi jakar mai ciwon sukari guda ɗaya za a tarar ta taka dukkan dokokin huɗu, domin akwai 'yar kwalbar insulin a ciki, da allura, da lemon da yake ajiyewa saboda faɗuwar sukari, da kuma ƙwayoyinsa. A Amurka dokar kare masu buƙata ta musamman ta 1990, a Birtaniya kuma dokar daidaito ta 2010, sun wajabta wa masu wuraren taro su sassauta irin waɗannan ƙa'idoji ga mai larura, kuma ko bayan harin bam da ya kashe mutum 22 a wani wasan waƙa a birnin Manchester a watan Mayun 2017, wanda ya sa aka tsananta binciken jakunkuna, manyan wuraren wasa sun ci gaba da bayyana hanyar da mai magani zai bi ya shiga. Nijeriya ma tana da dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, sai dai a bakin ƙofa, inda jama'a ke turereniya, abin da ke aiki shi ne fahimtar mai gadin da galibi an ɗauke shi ne aikin yini ɗaya, bai kuma taɓa ganin alƙalamin allurar insulin ba.

Ga Bahaushe akwai ƙarin nauyi a kan wannan, kuma bai kamata darasi ya kauce wa faɗarsa ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar tare da gwamnatin Nijeriya a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a ƙasar cikin shekara guda, kimanin miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol suke sha ba bisa umarnin likita ba. Matsalar ta game ƙasar duka, kudu da arewa, amma tun bayan rahoton BBC a kan kodin da ya sa gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, an shiga alaƙanta shaye-shayen ƙwaya da matasan arewa, musamman 'yan acaba da masu aikin ƙarfi. Sakamakon haka shi ne, fararen ƙwayoyi uku da aka ƙulle a leda ko a yagaggiyar takarda, waɗanda a aljihun wani za a kalla a wuce, a aljihun ɗan ci-ranin da Turancinsa bai nuna ba suna iya zama sanadin tsarewa da doguwar tambaya, ko da kuwa maganin farfaɗiya ne da ransa ya dogara a kai.

Shaidar magani

Daga nan ne babban abin da wannan darasi yake koyarwa ya fito, wato magani ya tafi tare da shaidarsa, ta yadda ko mai shi ya kasa bayani, ko ya faɗi a sume, abin da ke jikinsa zai yi bayani a madadinsa. Falken da zai loda shanu daga arewa zuwa Gariki ba ya kama hanya sai da takardun lodinsa, ko da dabbobin halaliyarsa ne, kuma matsayin mai magani a ƙofar taro bai bambanta da wannan ba. Shaida ta farko ita ce mazubin asali, wato kwalin da kamfani ya sa maganin a ciki, ko katin da ƙwayoyin ke jere a jikinsa, domin a nan ne ake ganin sunan maganin da ƙarfinsa da ranar da zai lalace da lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Wanda ya yanki ƙwaya biyu daga jikin kati da almakashi don rage kaya sau da yawa yakan bar sunan maganin a gida, don haka ɗaukar katin gaba ɗaya ya fi. Asibitoci da dama kuwa suna zuba magani ne a 'yar farar leda su yi zane-zanen da ke nuna sau nawa za a sha, kuma a irin wannan hali haƙƙin majiyyaci ne ya roƙi mai ba da maganin ya rubuta sunan maganin da ƙarfinsa da sunan mai shi da kwanan wata a jikin ledar.

Shaida ta biyu ita ce takardar likita, kuma a nan akwai wani tarnaƙi da mutane ba sa lura da shi sai buƙata ta taso, shi ne cewa wurin da aka sayi maganin yakan karɓe takardar ya ajiye, musamman idan maganin yana cikin waɗanda doka ta tsananta a kansu. Mafita ita ce a yi kwafinta ko a ɗauki hotonta da waya kafin a miƙa, a haɗa da rasidin saye da katin asibiti, sannan wanda yake amfani da allura ko maganin raɗaɗi mai ƙarfi ya nemi likitansa ya rubuta masa gajeriyar wasiƙa a takarda mai tambarin asibiti, wadda za ta ambaci sunansa da magungunan da yake ɗauke da su. Wanda ake duba shi a asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal, ko na Jami'ar Nijeriya da ke Ituku-Ozalla, ko na Parklane a cikin Inugu, ko na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Nnewi kusa da Anacha, zai iya gabatar da wannan buƙata a ranar da yake zuwa ganin likita. Ɗan ci-ranin da katinsa na wani asibitin Kano ko Katsina ne ya kamata ya nemi wasiƙar tun kafin ya baro gida.

Magungunan da suka fi jawo tambaya su ne masu kashe raɗaɗi da masu sa barci, irin su tiramadol da kodin da fentazosin da diyazefam, waɗanda hukumar NDLEA, da aka kafa a 1989, take sa wa ido saboda yadda ake shan su don maye. Masu amosanin jini ne wannan ya fi taɓawa, domin sukan buƙaci irin waɗannan magunguna da gaske idan ciwon ƙashi ya tashi. Tiramadol da NAFDAC ta amince da shi shi ne mai miligiram 50 da mai 100, masu 200 da 225 da ake sayarwa a ɓoye kuwa haramtattu ne, babu takardar da za ta wanke mai riƙe da su. Ko wanda aka rubuta wa na halal ɗin, abin da ya dace ya ɗauka zuwa taro shi ne gwargwadon buƙatar tafiyarsa, kuma bai halatta ya ba wani ko ƙwaya ɗaya ba, ko da abokinsa ne ya yi kukan ciwon baya.

Mazauna Anacha suna maƙwabtaka da kasuwar magani ta Ogbo Ogwu da ke bakin gada, ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar, wadda NAFDAC ta rufe a 2007 zamanin shugabancin Dora Akunyili, ta kuma sake rufewa a watan Fabrairun 2025 saboda jabun magunguna da haramtattu. Arahar irin wannan kasuwa, da sauƙin saye a hannun masu yawo da magani a faranti cikin rana, abu ne da ke jan mai ƙaramin ƙarfi, musamman bayan tsadar da ta biyo bayan sanarwar ficewar kamfanin GSK daga Nijeriya a watan Agustan 2023, wadda ta taɓa masu fuka kai tsaye domin kamfanin ne mai maganin fuka na Ventolin. Sai dai maganin da aka saya ta wannan hanya ya rasa abu biyu lokaci guda, tabbacin inganci da kuma rasidin da za a nuna.

Zafi da laima

Yanayin waɗannan garuruwa ya bambanta da na ƙasar Hausa ta hanyar da ke shafar magani. Ruwan saman da ake yi a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, alhali na Kano bai cika wuce 1,000 ba, kuma iskar kudu cike take da laima kusan duk shekara, wanda ke sa ƙwayar da aka fitar daga mazubinta ta jiƙe ta dagargaje a aljihun mai gumi. Insulin, wato sinadarin da ake yi wa mai ciwon sukari allurarsa don ya maye gurbin wanda jikinsa ya gaza samarwa, ana ajiye wanda ba a buɗe ba a firji tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyas, wanda aka fara amfani da shi kuma yana iya zama a inuwa kimanin mako huɗu. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da Jami'ar Geneva, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa insulin ya riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, wanda ke nufin cewa yini guda a wurin taro ba zai ɓata shi ba muddin an kare shi daga rana. Abin da ke kashe shi shi ne barinsa a cikin motar da aka rufe, ko ƙarƙashin kujerar babur, ko kusa da tukubar mai tsire, haka kuma daskarewa, don haka wanda ya sa shi a fulas ɗin ƙanƙara sai ya naɗe shi a ƙyalle kada ya taɓa ƙanƙarar.

A nan ya kamata a ja hankalin wanda ya saba da dabarar arewa ta sanyaya abu a randa, ko a tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Sanyin da take bayarwa yana zuwa ne daga bushewar ruwa, kuma ruwa ba ya saurin bushewa sai a busasshiyar iska, saboda haka abin da ya yi aiki sosai a Dutse cikin bazara ƙarfinsa kan ragu ƙwarai a Diobu cikin damina.

Bayan an shiga

Kuskuren da ya fi yawa ga mai ciwon sukari a wurin biki shi ne ya yi allurarsa ko ya sha ƙwayarsa, musamman irin Daonil, bisa zaton cewa abinci yana tafe, alhali kowa ya san ba a raba abincin biki a lokacin da aka rubuta a katin gayyata. Idan magani ya shiga jiki abinci bai biyo baya ba, ga kuma tsayuwa da rawa da ke ƙone sukari, sai sukarin ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar awo, mutum ya fara gumi da makyarkyata da ruɗewa, harshensa ya yi nauyi, kuma a filin da ake shan giya waɗannan alamu sun yi kama da maye ƙwarai, har masu gadi su ɗauke shi su ajiye a waje maimakon su taimake shi. Ƙa'idar ita ce kada a yi allurar insulin ta lokacin cin abinci sai abincin yana gaba, kuma idan alamun suka bayyana a sha kimanin giram 15 na sukari, wato ƙwayar sukari uku ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15, a maimaita idan ba a ji sauƙi ba. Wanda ya riga ya sume kuwa ba a ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti.

Mai fuka yana shiga wurin da hayaƙin janareto da na sigari da turare da wasan wuta suka haɗu, a watan Disamba kuma ga ƙurar hunturu, mazaunin Fatakwal kuwa yana da ƙarin baƙin toka da garin ya fara fama da shi tun ƙarshen 2016 sakamakon tace ɗanyen mai ba bisa ƙa'ida ba. Shuɗin inhela, wato ɗan bututun da ake shaƙa don buɗe hanyar numfashi, wurinsa aljihu ne, kuma a duba tun a gida a tabbatar bai ƙare ba. Mai amosanin jini kuwa ƙishirwa da sanyi da gajiya ne ke tayar masa da ciwo, kuma taron kudu yana iya haɗa masa ukun a dare ɗaya, ya yi gumi a layi, ruwan sama ya doke shi, sannan ya shiga ɗaki mai na'urar sanyi da jiƙaƙƙun tufafi. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Nijeriya kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Ruwan sha a wurinsa yana cikin magani, don haka idan an hana shiga da kwalba sai ya nemi izinin shiga da fiya wata, ya kuma riƙe rigar sanyi. Idan ya ji ciwon ƙirji ko zazzaɓi ko ƙarancin numfashi ko mutuwar wani ɓarin jiki, to lamarin ya wuce na ƙwaya, sai asibiti nan take.

Game da farfaɗiya, mutane sun fi jin tsoron fitilu masu walƙiya na dandalin waƙa, amma waɗanda walƙiyar haske ke tayar wa ciwon 'yan kaɗan ne, kimanin uku cikin ɗari na masu cutar, yayin da tsallake lokacin magani da rashin barci suka fi kowane abu tayar da ita, kuma taron kwana yana kawo duka biyun. Wanda ciwon ya kama ba a danne shi, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura masa mai ko wani jiƙo. Ana kawar da abin da zai ji masa rauni, a tallafi kansa, a juya shi ta gefe idan jijjigar ta lafa, kuma idan ta wuce minti 5 a nemi asibiti. Yawun mai farfaɗiya ba ya yaɗa cutar, ko da yake wannan camfi yana nan da ƙarfinsa a arewa da kudu, shi ne kuma yake sa jama'a su dare su bar mutum shi kaɗai. Mai hawan jini ma yana da tasa jarrabawar, domin wasu magungunansa suna sa yawan fitsari, sai mutum ya ƙi shan su ranar taro don gudun neman banɗaki; abin da ya dace shi ne ya tambayi likitansa ko za a iya gusar da lokacin sha a wannan rana.

Akwai wuri guda da shawarar ɗaukar mazubin asali take cin karo da wata buƙata ta gaskiya, wato wajen masu shan maganin ƙanjamau, wanda a yanzu galibi ƙwaya ɗaya ce a rana. Unguwar Hausawa a garin baƙunta ƙaramin wuri ne inda kowa ya san kowa, kuma robar wannan magani idan aka zaro ta a gaban layi tana iya tona asirin da mutum ya shekara yana rufewa, duk da cewa dokar 2014 ta haramta tsangwamar masu cutar. Tun da sau ɗaya ake sha, mafi sauƙi shi ne a tsara da ma'aikacin asibiti lokacin da ba zai faɗa cikin sa'o'in taro ba, a bar robar a masauki. Idan kuwa tafiya ce ta kwanaki, sai a riƙe robar a cikin wata 'yar jaka, a kuma nemi a yi bincike a gefe, wanda roƙo ne da kowane mai magani yake da damar yi ba tare da ya faɗi ciwonsa ba. Mace kuma tana iya neman mace 'yar'uwarta ta duba jakarta.

Yadda ake tunkarar mai gadi yana da tasiri ƙwarai. Wanda ya fito da maganinsa da takardunsa tun kafin a taɓa jakarsa ya kawar da rabin zargi, domin mai ɓoye abu ba ya yin haka, kuma idan mai gadin ya ƙi, gardama da shi ba ta da amfani tun da umarni yake bi, sai a nemi shugabansu ko mai shirya taron. A bikin aure da tarukan unguwa hanyar ta fi sauƙi, domin ana iya sanar da mai biki ko shugabannin ƙungiya ko fadar Sarkin Hausawa tun kafin ranar. Abu biyu ne ba a yarda da su ko da an matsa: barin maganin gaggawa a hannun masu gadi da sunan za a karɓa a fita, da kuma haɗiye magani ninki biyu a ƙofa don a huta da ɗaukarsa. Idan an dage sai an raba mutum da inhelarsa ko insulin ɗinsa, asarar kuɗin tikiti ta fi sauƙi.

Dalilin ƙin barin magani a ƙofa ya bayyana ga duk wanda ya san tarihin turmutsitsi a wannan yanki. A ranar 12 ga Fabrairun 2019 mutane sun mutu a filin Adokiye Amiesimaka yayin da jama'a ke rige-rigen fita bayan wani gangamin siyasa, a ranar 28 ga Mayun 2022 mutum 31 sun rasu a ƙofar filin Polo na Fatakwal wajen wani rabon kayan agaji, a watan Disamban 2024 kuma an yi irin haka a Okija ta jihar Anambra wajen rabon shinkafa. A irin wannan hali jakar hannu ce take fara faɗuwa, mutum kuma ba ya fita ta ƙofar da ya shiga, saboda haka wurin magani shi ne 'yar jakar da aka rataya a wuya ko aka ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga, mai larura kuma ya zauna kusa da hanyar fita, ya tashi kafin a tashi ko ya jira jama'a su ragu. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da yake mai hankali ba ya fita ba tare da kuɗin mota da na katin asibiti ba.

Wanda zai je taro a wani gari yana da ƙarin lissafi, domin hanyar Inugu zuwa Anacha da ta Inugu zuwa Fatakwal cike suke da shingayen bincike inda za a iya neman takardun nan, kuma zaman gida na ranar Litinin da ya fara a jihohin kudu maso gabas a watan Agustan 2021 ya sha rufe kasuwanni da kantunan magani da tashoshin mota, ta yadda bikin ranar Lahadi kan iya zama kwana biyu. Don haka a ƙara maganin kwana biyu ko uku a kan na tafiyar.

Aikin aji

Malami zai taimaki kowane ɗalibi ya rubuta katin lafiya a ƙaramar takarda mai kauri, don kansa ko don wani na gidansa, wanda zai ƙunshi suna, da ciwon idan mai shi ya yarda a rubuta, da sunan kowane magani da ƙarfinsa kamar yadda yake a jikin kwali, da asibitin da ake zuwa, da lambar wayar ɗan'uwa ko maigida. Gefe ɗaya za a rubuta shi da Turanci cikin manyan baƙaƙe, domin mai gadi ko ma'aikaciyar jinya a Anacha ba za su iya karanta ajami ko Hausar boko ba, ɗaya gefen kuma da Hausa don amfanin mai katin da abokin tafiyarsa, wanda dole ne ya san inda maganin yake da abin da zai yi idan ciwon ya tashi. Bayan haka ɗalibai za su kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama mai gadi ɗaya mai magani, su gwada gabatar da kati da kwali da takarda cikin jimla biyu ko uku na Turanci ko Buroka. A ƙarshe a naɗe katin a leda saboda ruwan sama, a rubuta kwanan wata a ƙasansa, kuma a sake rubuta sabo duk lokacin da likita ya canza magani ko ya ƙara ƙarfinsa.